Me Ya Sa Koren Shayina Yake Ɗaci?

Tambaya: Na fara shan koren shayi saboda an ce yana da amfani ga jiki, amma duk sanda na dafa sai ya fito da ɗaci da bauri, launinsa ma ba kore ba, sai na cika masa sukari kafin ya shawu. Nakan zuba ganyen a tukunya ya tafasa kamar minti biyar. Ganyen ne ba shi da kyau, ko ni ce ban iya ba?

Amsa: 'Yar'uwa, kafin ki ɗora wa ganyen laifi, fara da sauke tukunyar nan daga wuta. Koren shayi ba ya son tafasa. Ruwan ake tafasawa shi kaɗai, a sauke, a bar shi ya huce kaɗan, sannan a zuba a kan ganye, a ba shi ɗan lokaci ya tsimu, a tace. Ganyen da ya yi minti biyar yana zaɓalɓala a kan wuta, ko daga wace gona aka tsinko shi, ɗaci zai yi, launinsa kuma ya koma ruwan ƙasa.

Bari in faɗa miki dalili, domin in kin gane shi ba sai kin haddace ƙa'idoji ba. Koren shayi da baƙin shayi daga itace ɗaya suke fitowa, wanda masana tsirrai ke kira Camellia sinensis. A wurin sarrafawa ne hanyarsu ta rabu. In aka tsinki ganye aka murza aka bar shi a iska, wasu sinadarai da ke cikinsa sukan haɗu da iskar su rina shi, kamar yadda yankakken tuffa ke sauya launi in an ajiye shi. Baƙin shayi da gangan ake barinsa ya rinu har ƙarshe. Shi kuwa kore, ba a jima da tsinko shi ba ake nuna masa zafi don a tsayar da wannan rinuwa. A ƙasar Sin galibi a babban kasko ake juya shi, da hannu ko da inji. A Japan turara shi ake yi na ɗan gajeren lokaci, sannan a murza a busar, hanyar da ake dangantawa da wani manomi mai suna Nagatani Soen a yankin Uji a shekarar 1738. Saboda haka abin da ke hannunki ganye ne da ya rage kaɗan ya zama ɗanye, duk sinadaransa suna nan yadda suke, kuma da sun ji ruwan zafi suke fitowa.

Uku daga cikinsu ne ke yanke hukuncin ɗanɗano. Akwai tiyanin, wanda aka fara ganowa a Japan a 1949, shi ne ke ba shayi garɗi da ɗan zaƙi-zaƙin nan da ke zama a harshe. Akwai katekin, wanda masaniyar kimiyya Michiyo Tsujimura ta ware daga koren shayi a 1929, shi ne mai baurin da ke kama baki ya busar da dasashi. Sai kafeyin, mai ɗaci, mai hana barci. Su ukun ba lokaci ɗaya suke narkewa ba. Tiyanin ko a ruwa mai ɗumi fitowa yake yi, har a ruwan sanyi ma. Katekin kuwa a hankali yake fita muddin ruwan bai kai digiri 80 a ma'aunin Salshiyos ba, amma da zafi ya haura nan sai ya kwararo. Kafeyin ma zafi ke gaggauta shi. To kin ga abin da tafasa take yi: tana tatso bauri da ɗaci gaba ɗaya su danne garɗin, ƙamshin kuma ya bi tururi ya tafi. Ƙamshin da kike ji ya cika ɗakin girki lokacin da tukunya ke tafasa, shi ne wanda ya kamata ki ji a kofi.

Zafin da yawancin koren shayi ke so yana tsakanin digiri 70 da 80. In kina da butar lantarki mai nuna zafi, ko ma'aunin zafi na girki, aiki ya yi sauƙi. In babu, surki ya fi komai tabbas, domin lissafi ne. Ki auna kofi uku na tafasasshen ruwa ki zuba masa kofi ɗaya na ruwan sha da ya kwana a ɗaki: uku a digiri 100, ɗaya a wajen digiri 25, sun ba ki digiri 81. In kika yi biyu da ɗaya, kin sami 75. Mazubin da kika haɗa su a ciki zai ƙara shanye wani zafin, don haka kina cikin iyaka. A tuna dai, ruwan surkin ya zama wanda za ki iya sha haka nan. Wata hanyar ita ce juye ruwan daga buta zuwa kofi, daga kofi zuwa wani kofin. Kowane juyi zuwa mazubi mai sanyi yana rage digiri biyar zuwa goma. Ana kuma cewa a buɗe murfin buta a jira 'yan mintuna. Wannan yana yi, amma ban cika dogara da shi ba, saboda ruwa kofi ɗaya da ruwa lita biyu ba sa hucewa tare, haka buta mai kauri da mai sirara.

Wasu sun fi son su tare ruwan tun yana hawa, su sauke da zarar ƙananan kumfa sun fara taruwa a gindin tukunya. Tsohuwar dabara ce. Lu Yu, wanda ya rubuta littafi a kan shayi a ƙasar Sin wajen shekarar 760, da ido yake auna ruwa: kumfa mai kama da idon kifi, sai mai jeruwa a gefen tukunya, sai tafasa mai tumbatsa. Ni dai na fi son a bar ruwa ya tafasa sosai sannan a sauko da shi. Tafasar tana korar warin kulorin, tana kuma kashe ƙwayoyin cuta in ruwan ba abin amincewa ba ne. Amma minti ɗaya ko biyu sun isa, ba sai an bar buta tana kuka ta ƙone rabi ba. Wanda ke zaune a wuri mai tudu sosai kuma ya san cewa ruwansa ba ya kaiwa digiri 100. Kusan digiri ɗaya yake raguwa a kowace mita 300 ta tsawo, sai ya rage ruwan surki.

Sai yawan ganye. Giram biyu zuwa uku ga kofi mai cin mililita 200. Cokalin shayi ɗaya a cike ya kusa kai wannan, sai dai cokali yana yaudara. Ganyen da aka murza ya dunƙule ƙulu-ƙulu yana da nauyi, cokali shafe ya isa. Mai faɗi, mai buɗaɗɗen jiki, sai kin yi cokali biyu kafin ki kai nauyi ɗaya. In kina da ƙaramin sikeli ki auna sau ɗaya ki ga yadda giram uku suke a cokalinki, daga nan ido ya ɗauka.

Lokaci kuwa minti ɗaya zuwa uku ne, kuma da agogo, domin minti biyun da ake ƙiyastawa a ka yayin da ake wani aiki yakan zama shida. A nan ne mutane da yawa ke ɓata shayinsu ko bayan sun gyara zafin ruwa. Sai mutum ya ga ruwan ya fito fari-fari, ɗan kore-kore ko ruwan ɗorawa mai haske, ya ce ai bai yi ba, ya ƙara masa minti biyar. Idonsa ya saba da jan baƙin shayi. Koren shayi mai kyau ana hango gindin kofi ta cikinsa. In kin kurɓa kin ji ya yi tsararo, ganye za ki ƙara a gaba, lokacin ya tsaya yadda yake. Ƙarin ganye yana kawo ƙarfi da garɗi tare, ƙarin lokaci kuwa bauri yake ƙarowa, tun da garɗin ya riga ya fito tun a mintin farko.

Ga yadda zan so ki gwada gobe. Ki ɗauraye butar shayi ko kofin da ruwan zafi ki zubar, don kada sanyinsa ya kashe miki zafin da kika auna. Ki zuba ganyen a ciki, ki rufe na ɗan lokaci, ki buɗe ki shinshina. Ganye mai rai, da ya ji ɗumin nan zai tashi da ƙamshin ɗanyen haki ko na gyaɗar da aka fara soyawa. Ki zuba ruwan a hankali ta gefe, ki rufe, ki duba agogo. Kada ki motsa da cokali, kada ki girgiza. Za ki ga dunƙulallen ganye yana warwarewa a hankali har ya koma siffarsa ta asali, da jijiya a tsakiya da ƙananan haƙora a gefe. Da minti biyu sun cika ki tace duka, har ɗigon ƙarshe. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci ta fuska biyu: ɗigon ƙarshe ya fi kowanne ɗanɗano, kuma ruwan da kika bari a gindin buta zai ci gaba da jiƙa ganyen ya lalata miki zagaye na biyu. In kofuna biyu ko uku za ki cika, kada ki cika ɗaya ki koma ɗaya, na farko zai yi lami na ƙarshe ya yi ɗaci. Ki riƙa zubawa kaɗan-kaɗan kina zagayawa, ɗaya, biyu, uku, sannan uku, biyu, ɗaya.

Kada ki zubar da ganyen. Cikakken ganye mai kyau yana ba da zagaye biyu ko uku, kuma sau da yawa na biyun ya fi na farko daɗi. Ki bar murfin a buɗe tsakanin zagaye don kada ganyen ya turaru a cikin zafinsa. A zagaye na biyu ganyen ya riga ya buɗe, don haka na Japan rabin minti ma ya ishe shi; a na uku ki ƙara zafi da lokaci. Amma duk a zama ɗaya ko cikin 'yan sa'o'i. Jiƙaƙƙen ganye ba ya kwana.

Game da kayan aiki ba sai kin sayi wani abu na musamman ba. Tangaran da gilashi sun fi, saboda ba sa riƙe wari. Abin da zan hana ki shi ne ɗan ƙaramin mataci mai kamar ƙwallo da ake cusa ganye a ciki a rufe. Ganye yana kumbura ninki da yawa, in ya matse ruwa ba ya ratsa tsakiyarsa. Gara ki sake shi a buta ko a kofi, ki tace ta rariya zuwa wani kofin. Tukunyar ƙarfe mai tsatsa kuma tana baƙanta shayi, domin katekin da ƙarfe in sun haɗu baƙi suke yi. Butar da ta saba da gahawa ko kayan ƙamshi ita ma a ware ta.

Na ce yawancin koren shayi, domin ba duka ne jinsi ɗaya ba, kuma abin da ke rubuce a kwali zai taimaka miki. Sencha na Japan, mai siraran ganye kamar allura, digiri 70 zuwa 80 yake so da minti ɗaya. Wanda aka daɗe ana turarawa, mai ɗan gari-gari, bai ma kai minti ba. Gyokuro, wanda ake rufe gonarsa daga rana kusan mako uku kafin tsinka don tiyanin ya taru, da ruwa mai digiri 50 zuwa 60 ake haɗa shi, ganye da yawa, ruwa kaɗan, minti biyu. Longjing na yankin Hangzhou a ƙasar Sin, mai shimfiɗaɗɗen ganye, digiri 80 da minti biyu zuwa uku. Wanda ake rubuta wa Gunpowder, dunƙulallen nan na lardin Zhejiang a ƙasar Sin, ya fi su jure zafi, yana ɗaukar 80 zuwa 85, amma shi ma in ya daɗe a ruwa ba ya shawuwa sai da sukari. Gasasshen nan mai suna hojicha ne kawai zan ce ki zuba masa ruwa daga tafasa ba fargaba. Macha kuwa gari ne, ba a tace shi: giram biyu, ruwa kamar mililita 70 a digiri 80, a kaɗa har ya yi kumfa a shanye da ganyen gaba ɗaya. In na 'yar jaka kike sha, ki sani ganyen cikinta niƙaƙƙe ne, yana sakin komai nan take. Minti ɗaya zuwa biyu, ki ɗaga, kuma kada ki matse ta da cokali.

In kin gyara zafi da lokaci amma har yanzu shayin yana fitowa da duhu, ko wata 'yar yana tana tasowa a samansa, to ruwan ne. Kofin shayi kusan dukansa ruwa ne. Ruwan da ke da sinadaran alli da magniziyom da yawa, irin wanda ke barin farin ɓawo a gindin buta, yana dusashe ɗanɗano da launi. Mai zartsi ko mai ƙarfe-ƙarfe ya fi muni. Gwajin mai sauƙi ne: ki haɗa kofi biyu a jere, ganye ɗaya, zafi ɗaya, ɗaya da ruwan da kika saba ɗaya da ruwan da aka tace ko na gora. In bambancin ya fito fili kin san inda gizo ke saƙa. Sai dai ruwan da aka cire wa ma'adinai ƙarƙaf shi ma lami yake ba da shayi.

Na san abin da za a ce miki: ai don magani ake sha, sai ya tafasa amfanin ke fitowa, ɗacin ma shi ne maganin. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin ruwa mai zafi ya fi fitar da katekin, kuma a kansa ne aka fi yin bincike. Amma ki auna. Kofin da sai an zuba masa cokali uku na sukari kafin ya wuce maƙogwaro, ban ga ribar da aka ci ba. Wanda kika haɗa daidai za ki iya sha kullum ba sukari, kuma katekin ɗin da bai fito a zagayen farko ba yana nan a ganyen, zai fito a na biyu da na uku. Koren shayi abin sha ne mai kyau ga mai lafiya. Ba ya narkar da tumbi shi kaɗai, ba ya kuma maye gurbin maganin da likita ya rubuta. In kina son ƙari, ɗan matsin lemun tsami yana tafiya da shi, na'a-na'a ma haka. Madara tana binne ɗanɗanonsa.

Akwai 'yan abubuwan kiyayewa. Kofi ɗaya yana ɗauke da kafeyin kimanin miligiram 30, wato kusan kashi ɗaya bisa uku na kofin gahawa, kuma ya isa ya hana wasu barci in sun sha da dare. Hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta sa iyakar miligiram 400 a rana ga baligi mai lafiya, 200 ga mai juna biyu, a haɗe da duk sauran abin da ake sha mai kafeyin. Maganar da ake yaɗawa cewa in an ɗauraye ganye na rabin minti an zubar da ruwan kafeyin ya tafi, ba haka ba ne. Kaɗan ne ke fita a wannan lokacin, abin da kika zubar garɗin ne. Shayi kuma yana rage yadda jiki ke tsotsar sinadarin ƙarfe daga abinci, musamman na tsirrai, don haka mai ƙarancin jini ta ba da tazarar awa guda tsakanin cin abinci da shan shayi. Wasu in sun sha mai ƙarfi da sassafe ciki ba komai yakan tayar musu da zuciya. Kada kuma a sha shi yana ƙuna: a 2016 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya abin sha da ya haura digiri 65 cikin abubuwan da mai yiwuwa ne suna jawo dajin maƙoshi. Ƙwayoyin da ake sayarwa da sunan tataccen koren shayi kuwa wani abu ne daban. A 2018 hukumar Turai ɗin nan ta yi gargaɗi cewa miligiram 800 ko fiye a rana na nau'in katekin da ya fi yawa a koren shayi, ta hanyar irin waɗannan ƙwayoyi, na iya taɓa hanta. Mai shan magani na kullum ya tambayi likitansa.

In duk da haka bakinki bai karɓi baurin ba, gwada jiƙon sanyi. Giram goma na ganye a lita ɗaya ta ruwan sha, a rufe a sa a firji awa huɗu zuwa takwas, a tace, a shanye cikin yini guda. Tun da zafi bai taɓa shi ba, garɗin ne ke rinjaye, kafeyin ma ya ragu. In kuma fita za ki yi da filas, ki sa ruwan zafi zalla a ciki ki riƙe ganyen daban. Haɗaɗɗen koren shayi in ya yi sa'o'i a filas ja yake komawa, ko da an tace shi.

Saura tambayarki ta farko, ko ganyen ne ba shi da kyau. Yana yiwuwa, domin koren shayi ya fi baƙi saurin tsufa. Iska, haske, danshi, zafi da wari duk suna cin sa. Ki zuba kaɗan a tafin hannu ki duba. Mai kyau kore ne, ko kore mai duhu da ɗan sheƙi, yana karyewa ƙaras in kin murza. Wanda ya koma ruwan toka ko ruwan ƙasa, yana warin tsohuwar ciyawa ko kwali, ya mutu, babu dabarar da za ta tashe shi. In ko ya yi laushi ko yana warin fumfuna, a zubar. Ki riƙa sayen kaɗan-kaɗan, ki duba ranar da aka yi shi ba ranar lalacewa kaɗai ba, ki juye shi a gwangwani mai rufuwa gam wanda haske ba ya ratsawa, nesa da murhu da kayan yaji da sabulu. Kwalbar gilashi a kan taga tana da kyan gani amma cikin 'yan makonni take koɗar da shi. Da kin buɗe leda ki yi ƙoƙarin shanyewa cikin wata biyu. Wadda ba a buɗe ba za ta iya zama a firji, amma in kin fito da ita ki bar ta ta saki sanyi gaba ɗaya kafin ki yanka bakinta, in ba haka ba raɓa za ta sauka a kan ganyen.